Inda Ya Wajaba Mai Gyaran Tsohon Hoto Ya Ɗauke Hannunsa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan mas'ala, alhali ba al'adata ba ce in fitar da zancen masu kawo mini aiki, shi ne wani al'amari da ya iske ni a shagona nan Talata Mafara, wanda har yanzu in na tuna shi sai raina ya ɓaci, domin ɓarna ce da aka yi da sunan gyara, aka karɓi lada a kanta, kuma babu wata dabara cikin sana'armu da za ta mayar da abin da aka salwantar.

Wata dattijuwa ce mutuniyar ƙasar Maradun, wadda rashin zaman lafiyar shekarun nan ya koro ta da iyalinta zuwa cikin Mafara, ta zo mini ranar kasuwa tare da jikanta, yana rungume da wani babban firam mai ruwan zinari. Mahaifinta, Allah ya jiƙansa, manomi ne a ɗaya daga cikin ƙauyukan da aka tasa lokacin da kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato, tsakanin 1974 da 1978, kuma tsawon rayuwarsa sau ɗaya tak ya zauna gaban mai ɗaukar hoto, wato sa'ad da ya yi niyyar sauke farali aka nemi hoton fasfo. Wannan ɗan kati baƙi da fari, wanda bai fi faɗin yatsu uku ba, shi ya bi ta daga tsohon gari zuwa sabon matsuguni, ya shekara fiye da 40 a ƙasan adaka, sa'an nan ya sake fitowa da ita a daren da suka baro gida ba shiri. Danshi ya taɓa kuncin hagu, gara ta ɗan ci gefe ta bari, amma mutumin yana nan, duk wanda ya san shi ya gani zai shaida shi.

To, jikan nan, da kyakkyawar niyya, don ya faranta wa kakarsa rai da Sallah, sai ya ɗauki katin bai shawarce ta ba, ya kai wani shagon kwamfuta, irin waɗanda suka kafa allo cewa suna mayar da tsohon hoto sabo. Mai shagon bai ko kusanci sikana ba. Wayarsa ya ɗora a kai ya ɗauka, ya zuba cikin wata manhaja ta ƙirƙirarriyar basira, ya danna sau biyu ko uku, ya sa kala, ya buga babba. Da aka kwance firam ɗin a gabana, abin da na gani shi ne wani kyakkyawan mutum mai santsin fuska, mai hasken fata, mai jerarrun haƙora, sanye da hular da ɗinkinta ya narke ya zama zane marar asali, kuma a kumatunsa babu ko layi ɗaya na tsagar gado, domin manhajar ta ɗauki tsagar a matsayin karce ta goge ta sarai. Hatimin da ya hau kusurwar katin, wanda da shi za a iya kintatar shekarar, shi ma an share shi.

Dattijuwar ta nuna firam ɗin da yatsa ta ce, "Ɗana, wanga mutum ban san shi ba. Ina askatai? Wa ac cire mai aska?"

Na ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki, in dai katin yana nan, abin mai sauƙi ne. Ina ainihin hoton?"

Nan jikan ya sunkuyar da kai. Ashe ran da ya karɓi aiki, mai shagon ya ce masa tsohon ya gama amfaninsa, shi kuwa da ɗokin sabo bai tuna ya karɓa ba, da ya koma bayan rigima ta tashi a gida sai aka ce masa an yi shara. Shara! Katin da ya tsira daga tashin gari har sau biyu, a kwandon sharar mai shago ya ƙare, a hannun mutumin da bai san bambancin ɗigon fim da datti ba, amma yana kiran kansa gwani.

Iyakar abin da ya rage shi ne ɗaukar wayar nan ta farko, wadda mai shagon ya taɓa tura wa yaron, ta iso a matse, ga ƙyallin fitila ya faɗa a kan goshi. Da ita na yi aiki. Na daidaita haske, na kashe ƙyallin gwargwadon iko, na cike karce da ɗigon danshi a jikin riga da bango, na fito da kuncin dama har tsagar ta bayyana a fili. Da na zo kuncin hagu, inda danshi ya cinye, sai na tsaya. Yaron ya roƙe ni, ya ce, "Malam, don Allah ka juyo na dama ka ɗora a hagu, ai duk ɗaya ne." Na ce masa ba ɗaya ba ne, kuma ba zan yi ba. Wanda duk ya tashi a ƙasar nan ya san tsagar kunci ba lalle ta zo daidai a ɓangarorin biyu ba. Ta Gobirawa ma da kowa ya sani shida ce a gefe guda, bakwai a ɗayan, kuma hannun wanzami ba ya maimaita kansa daidai. In na juya na liƙa, na ba wa mamaci nasabar da ba ni da hujja a kanta, jikokin jikokinsa kuwa za su ɗauke ta a matsayin yaƙini. Na ba su hoton da inuwa a kuncin hagu. Dattijuwar ta daɗe tana dubawa, ta ce shi ne, sa'an nan ta yi kuka, ni kuwa na san rabin abin da ke cikin katin can ne kawai na iya ba ta.

Ga hukuncin a taƙaice. Aikinmu cire lalacewa ne, fuskar mutum ba tamu ba ce. Inda shaidar da ke cikin hoto ta ƙare, nan gyara ya ƙare. Abin da aka ƙara bayan wannan zato ne, kuma sayar da zato da sunan asali ha'inci ne.

Ba ni na ƙago wannan ƙa'ida ba. Masana gyaran gine-ginen tarihi da suka taru a birnin Benis na Italiya a 1964 sun rattaba cewa gyara ya tsaya a inda kintace ya fara, kuma duk abin da aka ƙara ya kasance ana iya bambance shi da asali. Tun kafin su ma, malamanmu masu kwafin littattafai da hannu, in sun iske gara ta cinye kalma a cikin takarda, amintacce daga cikinsu yakan bar gurbin fari ya wuce, ba ya cusa kalmar da yake tsammani, saboda tsoron jingina wa mawallafi abin da bai faɗa ba. Ita kuwa manhajar nan ba ta san barin gurbi ba, domin ba tono abin da ya ɓace take yi ba, tana ƙaga fuska ne daga dubban fuskokin da aka horar da ita da su. A watan Yunin 2020 an saka wa wata irinta mai suna PULSE, wadda masu bincike na Jami'ar Duke a Amurka suka tsara, dusasshen hoton Barack Obama, sai ta fito da fuskar Bature, saboda akasarin abin da ta saba gani fararen fata ne. In haka ta yi wa mutumin da duniya ta san kamanninsa, me ake zaton za ta yi wa tsagar manomin Maradun ko ta tsohuwar Bakura?

Abokan sana'a kan tambaye ni yadda nake gane aiki ya kammala, tun da kwamfuta ba ta taɓa cewa ya isa. Ina kashe leyoyin gyara in kunna, in abin da ke motsi karce ne da tabo, ina kan hanya, in kuwa ido ko leɓe ko karan hanci ya motsa, na ƙetare haddi, sai in koma baya. Ina duba aikin a girman da za a buga shi, domin wanda ya zuƙo hoto har ɗigo ya yi girman ƙwayar gero ba zai taɓa gamawa ba, zai yi ta gogewa har fata ta koma roba. Ɗigon fim ya zauna, shi ne shaidar zamanin. Ina barin aikin ya kwana in dube shi da safe da sabon ido. Daga ƙarshe a nuna wa dattijon da ya san mamacin, kada a gaya masa ko wane ne, in ya kira suna ba da jinkiri ba, an gama.

Ku kuma masu kawo aiki, wallahi wani lokaci laifinku ya fi na 'yan gaba-daɗin. Wannan ya ce a ƙara wa mahaifiyarsa haske, wancan ya ce a cike giɓin haƙorin kakansa, wani ya ce a cire kishiya daga hoton biki. Wanda ke son kala, ya sani kalar da aka sa wa baƙi da fari kintace ce, babu mai iya sanin ko rigar shuɗiya ce ko koriya. A yi ta a kwafi na dabam, a rubuta a baya cewa ƙari ne. Kada ku yi wa tsohon hoto lamineshin, zafi da gam suna kama fuskarsa har abada. Ban da salatif. Wanda ya manne da gilashi kada a ɓamɓare shi, a kawo shi haka. In kuna da dodon hoton, ya fi katin daraja. Ɗan ƙaramin kati irin na fasfo a yi masa sikanin a ɗigo 1200 kowane inci, a ajiye shi TIFF ba a taɓa ba, ku karɓi wannan a filashi tare da gyararren, kuma kada ku dogara da abin da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto, don yana matse shi. Ku tambayi mai gyara ya nuna muku na farko da na ƙarshe gefe da gefe, in ya ƙi ko ya ce ya goge, ku ɗauki kayanku.

Kuma ina sake faɗa, tsohon kati ba ya gama amfani, ko wa ya gaya muku haka. Kada ku bar shi ya kwana a shagon kowa, har da nawa. A yi sikanin kuna tsaye, ku karɓi abinku a hannu, ku sa shi cikin farar takarda, ku mayar da shi inda danshin damina ba ya kaiwa.