Kyamara a Saman Ƙofar Kasuwa: Kai Take Ƙirgawa ko Tire?

Wani bawan Allah daga Tunuga, a yankin Gaya cikin jihar Doso ta Nijar, ya aiko mini da tambaya. Yana cikin masu kula da kasuwa, kuma gardama ta hana su sakat. Wasu na cewa 'yan cin kasuwa sun ragu tun da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Wasu na cewa ba raguwa suka yi ba, hanya suka sauya, suna zuwa ta kwale-kwale ko ta wajen Kamba. Ɗansa mai karatun kwamfuta ya ce a ɗaura kyamara a saman ƙofa, a haɗa ta da 'yar ƙaramar na'ura, ta ƙirga masu shiga da fita. Malam yana so ya ji ko abin zai yiwu.

Zai yiwu, Malam, amma kada ka fara da sayen kaya.

Ga yadda take aiki. Ana rataye kyamarar tana kallon ƙasa tsaye, a tsayin mita 3 zuwa 4. Ana haɗa ta da kwamfuta mai girman tafin hannu, irin Raspberry Pi da aka fara sayarwa a 2012. A cikin hoton ana ja wani layi da babu shi a ƙasa. Duk abin da na'urar ta ɗauka mutum ne, in ya tsallake layin ta wannan gefe ta rubuta shiga, in ta wancan ta rubuta fita. Daga sama ake kallo saboda mutane ba sa kare juna. In daga gefe ne, na gaba zai ɓoye na baya.

Matsalar tana cikin “abin da ta ɗauka mutum ne”. Manhajojin da yaronka zai samu kyauta, irin su YOLO, yawanci an koyar da su ne da hotunan mutane daga gaba ko daga gefe. Daga sama kuwa ba fuska, ba ƙafa, sai kai da kafaɗu. To a kasuwarmu kan ma ba a ganinsa. Ka tsaya a ƙofa ka duba: mai talla da tire, mace da ƙwarya ko roba, mai dakon gishirin Foga, mai ɗaurin rake da ya fi shi tsawo, Bafulatani da malafa. Na'ura za ta ga da'ira tana tafiya, ta rasa me za ta kira ta. Uwa da goyo mutum ɗaya ne a wurinta. Kabu-kabu mai ɗauke da mutum uku ya wuce da gudu, ko ta ƙirga ɗaya ko ta ƙyale. In kuma yaron ya ɗauki hanya mai sauƙi ta manhajar OpenCV, wadda ke ƙirga duk abin da ya motsa, akuya ma ta zama 'yar kasuwa, inuwar mutum da la'asar ta zama mutum na biyu.

Saboda haka wurin da aka ɗaura ta ya fi tsadarta muhimmanci. Kasuwar karkara ba ta da ƙofa ɗaya, ta ko'ina ake shigowa. Ku zaɓi mashigi guda matsattse, wanda faɗinsa bai wuce mita 2 ko 3 ba, inda mutane ke wucewa ba tsayawa. Kada mai ƙosai ta zauna a ƙarƙashinta, don masu jira za su yi ta tsallake layin gaba da baya. A yi rumfa a wurin, ta kashe inuwa, ta kuma kare na'urar. Kuma ku sani, abin da za ku samu adadin masu bin wannan mashigin ne kawai. Amfaninsa shi ne kwatanta kasuwar wannan mako da ta makon jiya, damina da rani.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne ƙidayar hannu. Kafin a sayi komai, a sa matasa biyu su zauna a mashigin da littafi da biro, kasuwa uku a jere, kowa yana jan kara shi kaɗai. Bayan an ɗaura kyamara a maimaita na awa ɗaya da hantsi, awa ɗaya da cikar kasuwa. In hannu ya ba da 200 na'ura ta ba da 170, kuma kullum giɓin kusan haka yake, ana iya aiki da ita, sai a riƙa cike giɓin da lissafi. In yau ta rage gobe ta ƙara, kada a kai lambarta gaban magajin gari. A lokacin ne yaron zai ɗauki hotuna daga sama a wurin, ya sake koya wa manhajar cewa tire mai tafiya akwai mutum a ƙarƙashinsa.

Wuta ba ta da wuya. Na'urar na cin kamar wat 5, wato wat-awa 60 a awa 12, ƙaramin faifan sola da batir sun isa. Zafi ne abin tsoro: Raspberry Pi na rage gudu da kanta in zafinta ya kai maki 80, kuma akwatin ƙarfe a ranar watan Afrilu zai kai ta can, sai ta fara tsallake mutane ba tare da kowa ya sani ba. A sa mata fanka, a goge gilashin kyamarar kowace ranar kasuwa a lokacin hunturu. Raspberry Pi 4 ba ta da agogon kanta, in wuta ta yanke kuma babu intanet sai lokacinta ya rikice. 'Yar na'urar agogo mai batir tana maganin haka.

Saura magana mai nauyi. Garin iyaka ne, kuma mutumin da ya ga kyamara zai zaci ta kwastan ce ko ta masu haraji, ya sauya hanya. Ka ga ƙidayar ta lalace, kasuwar ma ta yi asara. Nijar na da dokar kare bayanan jama'a tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai, ku tuntuɓe ta. A saita na'urar ta ajiye lamba da lokaci kaɗai, hoto ya goge nan take, hotunan koyarwa ma a share su da an gama. Kafin a ɗaura, a sanar da mai gari da sarkin kasuwa, a kira 'yan kasuwa su leƙa allon da idonsu, su ga saman tire da malafa ne kawai ke wucewa.