Bushewar fatar yaro: ta hunturu ce ko ta tamowa?

Ku iyaye mata da ku rele na unguwanni da ƙauyuka, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busar da fatar kowa a Maraɗi, Tibiri da Jiratawa. Ƙafafun yara su yi fari, leɓɓa su tsage, dunduniya ta yi faso. Wannan sananne ne. Amma akwai wata bushewar da tushenta yana cikin jiki, wadda mai kaɗai ba ya warkar da ita. Ga yadda za ku bambanta su, da yadda ake aiki da man da likita ya rubuta.

Bushewar hunturu

Yaron yana cin abinci, yana wasa, jikinsa bai kumbura ba, fatar ce kawai ta yi kaushi. A yi masa wanka sau ɗaya a yini da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu kaɗan, ban da sabulun wanki, ban da dirza da soso. A tsane jikin da tsumma mai tsabta, a shafa man kaɗe ko basilin marar turare tun fatar tana da sauran danshi, domin mai yana riƙe ruwan da ke cikin fata ne.

Bushewar da ke nuna tamowa

A tamowa mai kumburi, fata takan yi tabo baƙi-baƙi a cinyoyi, ɗuwawu, matsematsi da bayan gwiwa. Daga baya ta saɓe, ta bar wuri ja mai tsatsar ruwa kamar ƙuna. Gashi ya yi ja ya yi laushi, yaron ya yi ta ƙorafi, ya ƙi abinci. Jikinsa ya rasa abubuwan da yake gina fata da su, cikinsu har da sinadarin zinc. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ta waɗannan raunuka ƙwayoyin cuta kan shiga jini, kuma yaro mai tamowa ba shi da ƙarfin yaƙar su.

Ku yi awo biyu ga yaro mai wata 6 zuwa 59:

1. Ku danna bayan ƙafafunsa biyu da manyan yatsu, ku ƙirga daƙiƙa 3. Idan rami ya tsaya a duka biyun bayan kun ɗaga, kumburin tamowa ne, ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba.
2. Ku auna tsakiyar damtsensa na hagu da ma'aunin damtse. Ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Rawaya, daga 115 zuwa ƙasa da 125, tamowa ce matsakaiciya.

Kumburi, ko ja, ko fatar da ta buɗe: a kai shi CSI mafi kusa a ranar, kada a jira ranar kasuwa. Tun shekarar 2006 dokar Nijar ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Idan raunukan sun yi yawa, za a tura shi CRENI, sashen kwantar da masu tamowa mai tsanani, kamar na babbar likitar Maraɗi ko na Madarunfa. Can ake fara ba shi madarar F-75, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, a wanke raunukan, a shafa man zinc. Yayin da jiki ya fara samun abin da ya rasa, fatar takan biyo baya.

Yadda ake shafa man da likita ya rubuta

- Ku wanke hannu da sabulu kafin shafawa da bayanta.
- Ku shafa kaɗan-kaɗan, a wurin da aka nuna muku kawai, iya adadin da aka faɗa a yini.
- Ku nisanta shi daga ido, baki da cikin hanci.
- Kada ku naɗe wurin da leda. A bar ɗuwawun jinjiri su sha iska, a sauya tsumma da zarar ya jiƙe.
- Wasu mayukan masu laushe kaushi suna ɗauke da sinadaran da ke yin zafi a fatar da ta tsage. Idan yaron ya yi kuka mai tsanani, ko wurin ya ƙara ja, ku wanke da ruwa, ku koma likita da kwalbar a hannu.
- Ku ci gaba da ba shi Plumpy'Nut yadda aka tsara, shi kaɗai, ba a raba shi da ƴan uwansa. Mai shayarwa kuma ta ci gaba da ba da nono.

Abin da za a guje wa

Kada ku ari man da aka rubuta wa ɗan maƙwabciya. Ƙazwa da makero da tamowa duk suna ɓata fata, amma kowanne da maganinsa. Kada ku sayi mai a hannun masu tallan magani a kasuwa, musamman na ƙara hasken fata: da yawansu na da kortizon, wanda ke sa fata ta yi sirara, ya kuma ɓoye cuta tana ci gaba. Kada a zuba toka, ƙasa, garin magani ko man inji a rauni.

Gare ku rele

Idan kun shiga gida, ku nemi izinin uwa a tuɓe wa yaron riga, domin alamun sukan ɓuya a ƙarƙashin tufa. Ku koya mata danna ƙafa da awon damtse har ta iya da kanta. Ku yi mata magana cikin mutunci, ba da zargi ba, don kunya kan hana uwa fito da ɗanta. Bayan kwana biyu ku koma ku tabbatar an je likita, ku ga kwalbar, ku ji daga bakinta yadda take shafawa. Idan zazzaɓi, gudawa, ruwa mai wari ko ƙin abinci ya biyo baya, a mayar da yaron nan take.