Ɗana, ka auna aikin kafin ka zaɓi manhaja

 Na ji an damƙa maka kula da kwamfutocin ofishinku, kana kuma tunanin sauke BIND da ISC DHCP ka koma dnsmasq, amma kana jin nauyin kada abokan aiki su ce ka guje wa aikin manya. Zauna ka ji, domin wannan kunyar ba ta da amfani.

Abu biyu ƙaramin ofis yake buƙata: duk na'urar da ta shigo a ba ta adireshi, kuma idan an kira firinta da sunanta ta amsa. BIND manhaja ce mai daraja, daga jami'ar Kaliforniya ta Berkeley ta fito tun shekarun 1980, har yau kuma manyan kamfanoni na dogara da ita, ba raina ta nake yi ba. Sai dai kafin ta san sunan kwamfutar da ta shigo yanzu, sai ka haɗa ta da manhajar raba adireshi da mabuɗin sirri, ka rubuta fayil ɗin sunaye da wani na komawa daga adireshi zuwa suna, ka riƙa ƙara lambar siriyal duk sa'ad da ka taɓa shi, ga ɗigo ɗaya da za ka manta a ƙarshen suna ya isa ya tsayar da aikin mutane safiya guda. Mai kai buhu ɗaya gida ba ya ɗauko tirela.

Ita kuwa dnsmasq, wadda Simon Kelley ya fitar a 2001, ita ce mai ba da adireshin, ita ce kuma mai amsa sunan, saboda haka da zarar na'ura ta karɓi adireshi sunanta ya shiga ba tare da ka ɗaga yatsa ba. Tana karanta /etc/hosts, saitinta ƴan layuka ne a fayil ɗaya, kuma ita ce a cikin rautocin da ke aiki da OpenWrt. Ka sani kuma ISC da kansu sun daina kula da tsohuwar manhajarsu ta DHCP a ƙarshen 2022, sun nuna wa mutane magajiyarta Kea, wato ko ba yau ba sai ka tashi daga kanta.

Abin da ya fi damuna, ɗana, shi ne wanda zai zauna a kujerarka ranar da ba ka nan. Za ka yi tafiya, za ka yi rashin lafiya, wata rana za ka bar aikin, kuma tsarin da kai kaɗai ka fahimta ba gwaninta ba ce, nauyi ne ka bar wa ɗan'uwanka. Amana ce aka ba ka, ba fagen nuna iyawa ba.

Amma kada sauƙin ya sa ka gaggawa, sannu ba ta hana zuwa. Kwana biyu kafin sauyin ka rage wa'adin aron adireshi, domin na'urori su dawo neman sabo da wuri. Ka rubuta firinta da duk abin da ke da tsayayyen adireshi. Kada ka bar masu raba adireshi biyu suna aiki tare, har da na cikin rauta, domin ruɗanin da ke biyo baya yana da wuyar ganowa. Idan Ubuntu ce, ka duba ko systemd-resolved ta riga ta kama ƙofa ta 53. Ka yi aikin bayan an tashi, ka sanar da mutane, ka ajiye tsohon saitin har ka natsu.

Ka san iyakar dnsmasq kuma. Sunayen waje tambayowa take yi daga wata sabar, kuma ba ta da tsarin da saba ta biyu za ta karɓi rabon adireshi idan ta farko ta mutu, saboda haka in ofishin ya girma kada ka ji kunyar sake duba zaɓinka. An gano ramukan tsaro a cikinta a Janairun 2021, aka toshe su a sigar 2.83, don haka kada ka yi sakaci da sabuntawa.

In ka gama, ka rubuta abin da ka yi a takarda ka ajiye inda abokan aikinka za su same ta. Ka gaishe min da mutanen gida.