Kafin ka cike fom ɗin barin Tattalin Arziki zuwa Kasuwanci

Da zarar sakamakon zango na biyu na aji ɗaya ya fito, ofishin malamin da ke kula da aji yakan cika da masu neman fom ɗin canjin kwas. Na daɗe ina wannan aiki a sashen tattalin arziki, kuma da yake ni ɗan Jega ne, yaran Jega da Aliero da Maiyama ba sa jiran a koma makaranta. Har gida suke biyo ni lokacin hutu, wani da mahaifinsa, wani da saƙon kawunsa. Bukatar kusan ɗaya ce: yaro yana son barin tattalin arziki ya koma sashen gudanar da kasuwanci.

Ba na hana kowa. Canjin kwas halal ne a dokar jami'a, kuma na ga waɗanda suka canja suka ji daɗi. Abin da nake fara tambaya shi ne dalili, kuma amsar da na fi ji ita ce, "Malam, wallahi lissafin nan ya yi mini yawa." To wanda lissafi ya koro daga wurinmu, ya sani zai tarar da shi zaune yana jiransa a can. A sashen kasuwanci akwai lissafin kasuwanci, akwai ƙididdiga, akwai darussan akanta da ake haɗawa da ɗaliban sashen akanta, ga sarrafa kuɗi, ga darasin yanke shawara ta hanyar alƙaluma a manyan azuzuwa. Gaskiya ne namu ya fi zurfi, musamman idan aka kai aji uku aka shiga auna tattalin arziki da ƙididdiga. Amma nasu ya fi son tsanaki: idan shafin shiga da shafin fita suka ƙi daidaituwa a jarrabawar akanta, babu dogon bayanin da zai cece ka. Yaron da ya faɗi lissafin aji ɗaya saboda bai samu tushe mai kyau a sakandare ba, maganinsa ya zauna ya gyara tushen. Canjin sashe ba ya gyara shi.

Dalili na biyu daga iyaye yake fitowa, kuma na fi jin nauyinsa. Mu mutanen kasuwa ne. Jega ta yi suna da kasuwarta tun kafin zuwan Turawa, Aliero kuwa duk Najeriya an san ta da albasa. Uban da ya tara dukiyarsa da buhu da mota, idan ya ji an ce akwai digirin kasuwanci, sai ya ga ai shi ne ya dace da ɗan da zai gaje shi. Nakan ce, "Alhaji, bari mu ɗauki albasar taka mu gani." Ɗalibin tattalin arziki zai tambayi abin da ya sa farashi ke faɗuwa warwas idan albasar rani ta cika kasuwa, ya kuma tashi sama da damina, me tsadar mai da faɗuwar naira ke yi wa kuɗin mota, me rufe iyaka da Nijar ke jawo wa mai fitar da kaya. Ɗalibin kasuwanci kuma tambayarsa daban: buhu nawa zan sayar yanzu, nawa zan ajiye a rudu, nawa ne zai ruɓe kafin farashi ya tashi, nawa dillali zai ci, nawa ne kuɗin tirela zuwa Mile 12 a Legas, kuma bashin da na ci don sayen taki zai jira ni har zuwa lokacin? Na farko yana son ya gane yadda kasuwar take tafiya, na biyu yana son ya tafiyar da shago guda a cikinta. Duka biyun suna da amfani ga gidan Alhaji. Wanda ya dace da yaro shi ne wanda tambayoyinsa ke hana shi barci, kuma yaron ne ya san wannan, ba uban ba.

Akwai wani abu da ɗalibai ba su cika lura da shi ba. Ƙofar kasuwanci ba ta rufewa. Mai digirin tattalin arziki yana iya yin digiri na biyu na MBA daga baya, yana iya rubuta jarrabawar ƙwararrun akantoci ta ICAN, bankuna ma suna ɗaukarsa. Amma mai digirin kasuwanci da ya so yin digiri na biyu a tattalin arziki, galibi sai an ce ya fara yin difloma ta gaba da digiri tukuna. Saboda haka wanda har yanzu yake wasiwasi, zama inda yake ya fi ba shi sararin canja ra'ayi nan gaba. Wanda kuwa ya tabbata zuciyarsa tana wajen talla da sarrafa ma'aikata da tafiyar da kamfani, kada ya ɓata shekara uku yana jan ƙafa a darasin da ba ya so.

Idan an yanke shawarar tafiya, a nan aikin yake, kuma a nan na fi ganin an yi asara.

Yawancin yaranmu da ke karanta waɗannan fannoni suna Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013. A Danfodiyo, tattalin arziki yana tsangayar kimiyyar zamantakewa, kasuwanci kuma yana tsangayar kimiyyar gudanarwa, don haka canjin na tsallaka tsangaya ne, ba na leƙawa ofishin maƙwabci ba. Kowace jami'a da ƙa'idarta, kuma tana rubuce a littafin jagoran ɗalibai da aka ba ka ranar rajista, wanda na san da yawa ba su taɓa buɗewa ba. Abin da aka saba dai: sashen da za ka bari ya sake ka a rubuce, sashen da za ka shiga ya karɓe ka a rubuce, shugabannin tsangaya su sa hannu, sannan hukumar jami'a ta amince. Sashen da za ka shiga zai duba matsakaicin makinka na CGPA, ya duba ko kana da kiredit biyar na sakandare da suka haɗa da Turanci da lissafi, ya kuma duba ko yana da gurbi. Shugaban sashe ya ce maka da baki "je ka fara shiga aji" ba amincewa ba ce. Na ga yaron da ya yi zango guda cur yana ɗaukar darasi a sabon sashe bisa maganar baki, da jarrabawa ta zo sunansa bai fito a can ba, a wurinmu kuma bai yi rajista ba. Shekarar ta tafi a banza.

Sannan ka tambaya tun kafin ka sa hannu: aji biyu za a sa ni ko za a mayar da ni aji ɗaya? Waɗanne darussan aji ɗaya na kasuwanci zan biya? Kariyobar da na ɗauko za ta bi ni? Tun da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta fito da sabuwar manhajar CCMAS a ƙarshen 2022, kashi 70 cikin ɗari na darussa daga hukumar suke, kashi 30 kuma kowace jami'a ke tsara nata, don haka abin da abokinka ya gaya maka game da jami'arsu ba lallai ya yi daidai da taka ba. Ƙarin shekara guda ba ƙaramin abu ba ne ga gidan da ke jiran girbin shinkafar fadama kafin a biya kuɗin makaranta. Wanda kuma ya shiga jami'a da girma, ya tuna cewa duk wanda ya haura shekara 30 lokacin kammala digiri takardar yafewa ake ba shi, ba ya zuwa bautar ƙasa.

Babban ramin shi ne JAMB, hukumar da ke ba da gurbin shiga jami'a. Gurbin da hukumar ta ba ka na tattalin arziki ne, haka yake a rajistarta, kuma jami'a ta canja maka sashe ba ya nufin rajistar ta canja da kanta. Hukumar bautar ƙasa tana dogara da jerin sunayen JAMB wajen kiran waɗanda suka gama. Idan jami'a ta aika sunanka da digirin kasuwanci alhali can an rubuta tattalin arziki, abokan karatunka za su tafi sansani kai kana zarya tsakanin ofishin rajista da ofishin JAMB na Birnin Kebbi. Da zarar takardar amincewa ta fito, je ka ofishin da ke kula da shigar ɗalibai ka nemi a fara gyaran rajistarka, ka bi sawu har sai ka ga sabon kwas ɗin a takardarka ta JAMB. Kada ka ba wani ɗan tsakiya kuɗi ya ce zai yi maka ta bayan gida. Mai cin bashin karatu na NELFUND, wanda aka fara a 2024, shi ma ya tabbatar bayanan da jami'a ta aika musu sun dace da sabon sashensa, musamman idan lambar rajistarsa ta canja.

Wasu iyayen kan tambaya ko ba za a dawo da yaro kusa da gida ba, jami'ar jiha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006. Ta kimiyya da fasaha ce. Akwai tattalin arzikin noma a tsangayar aikin gona, fanni ne mai kyau ga ɗan manomin albasa, amma shekara biyar ake yi kuma sai da darussan kimiyya na sakandare, waɗanda yawancin ɗalibanmu ba su yi ba.

Kowace takarda da aka sa wa hannu a wannan tafiya, ka yi kwafinta biyu, ɗaya a wurinka, ɗaya a gida wajen mahaifiyarka. Shugabannin sashe suna canjawa, fayil yana ɓata a ofis, kuma sai a aji huɗu, lokacin tattara makin kammalawa, ake neman takardar da aka sa wa hannu a aji ɗaya.