Zuwa Ga Ƙannena Makaɗa, Kan Shekaru Shida Na Thelonious Monk



Ina ganin yadda wasunku ke jingine kayan kiɗa da zarar waƙa ɗaya ko biyu ba ta karɓu ba, wasu kuma su koma kwaikwayon duk wanda ake yayi. Abin yana damuna, shi ya sa nake so ku san Thelonious Monk, makaɗin piyano na jazz, baƙar fata ɗan Amurka, wanda aka haifa a 1917 ya tashi a birnin New York.

Monk ba ya lanƙwasa yatsu yadda malamai ke koyarwa. A miƙe yake shimfiɗa su, ya doki maɓallai biyu maƙwabta lokaci guda har sautin ya yi tsami, sannan ya yi shiru daidai inda kunne ke jiran ƙari. Faya-fayensa na farko, waɗanda ya ɗauka a kamfanin Blue Note a 1947, ba su yi kasuwa ba. Wasu ma suka ce bai iya ba.

A 1951 'yan sanda suka sami ƙwaya a motar da yake ciki tare da abokinsa Bud Powell. Ya ƙi ba da shaida a kan abokin, sai aka ɗaure shi kwana 60, aka ƙwace katin da ke ba shi izinin kiɗa a gidajen rawa na birnin. Ƙwaya kam ku guje ta, ta halaka makaɗan zamanin da yawa. Abin da nake so ku duba shi ne yadda ya yi da shekaru shidan da ya shafe babu katin.

Matarsa Nellie ta riƙe gida da ɗinki da ƙananan ayyuka. Shi kuwa kullum yana kan piyanon da ya cinye rabin ɗan matsattsen gidansu, yana tace salon nan da aka raina. A cikin wannan ƙunci ya ɗauki faifan Brilliant Corners a 1956.

Saboda haka idan aka ce ba a gane kiɗanku ba, ku fara tambayar kanku tsakani da Allah: salo ne, ko ƙarancin atisaye? In atisaye ne, ku koma ku zauna. In salo ne, ku riƙe shi gam. Kuma wanda ke ciyar da ku a lokacin da ba ku kawo komai, kada ku manta da shi.

Shi kuwa Monk, katinsa ya dawo a 1957, ya hau dandalin gidan rawa na Five Spot tare da makaɗi John Coltrane, jama'a suka yi layi a ƙofa. A 1964 hotonsa ya fito a bangon mujallar Time, alhali yawancin kiɗe-kiɗen da ake ta yabo ya tsara su tun shekarun da ake cewa bai iya ba.

Allah Ya yi muku jagora.

Naku,
Yayanku