DARASIN TURANCI DOMIN MALAMAN HAKIMAI DA MASU SHIRIN JARRABAWA

An shirya wannan darasi domin malaman hakimai da sauran ma'aikatan gunduma masu niyyar zama jarrabawar Turanci, da kuma iyayen ƙasa, ransu ya daɗe, waɗanda takardun hukuma ke bi ta hannunsu kullum.

A zamanin En'e yawancin aikin ƙasar hakimi da Hausa ake yinsa. Tun da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, galibin takardun da ke zuwa ofishin hakimi da Turanci ake rubuta su. Malamin hakimi shi ne ke karanta su, ya fassara wa ubangidansa, kana ya rubuta amsa. In ya juya ma'anar kalma guda, talakawan gunduma duka suna iya yin asara.

Haka kuma sha'anin jarrabawa. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999, duk suna jarraba ɗalibai a Turanci. Jami'o'i suna neman kiredit biyar har da na Turanci, watau sakamakon da bai gaza C6 ba. Wanda ya daɗe da barin makaranta ma yana da damar zama jarrabawar da hukumomin nan ke shirya wa masu zaman kansu.

Abin da ya kamata mai koyo ya riƙe shi ne wannan: mafi yawan kurakuran Bahaushe a Turanci ba daga rashin ƙwaƙwalwa suke fitowa ba. Yakan ƙulla magana da Hausa a zuci, sa'an nan ya sa mata kalmomin Turanci. Wanda ya san wuraren da harsunan biyu suka raba hanya ya rage wa kansa wahala mai yawa. Ga wuraren nan bi da bi.

KASHI NA ƊAYA: NAHAWU

1. Namiji da mace. A Hausa kowane suna tilo ko namiji ne ko mace. Mukan ce takarda ta iso, littafi ya ɓace. A Turanci mutane ake kira he da she, kayayyaki kuwa it ake ce musu. Saboda haka a rubuta: The letter has arrived. It is on the table. Kada a ce She is on the table, domin mai karatu zai zaci wata mace ce ta hau tebur.

2. Kalmomin a da the. In hakimi ya ce “kawo wata rajista”, kowace aka kawo ta yi. In ya ce “kawo rajistar”, akwai wadda shi da malaminsa suka sani. Na farko shi ne Bring a register, na biyu Bring the register. A lura, Hausa takan bar suna haka nan ba ƙari, kamar “ya sayi doki”, amma Turanci ba ya yarda da wannan ga abin da ake iya ƙirgawa. Tilas a ce He bought a horse.

3. Lokacin da ya wuce. “Ya zo” magana ɗaya ce a Hausa, a Turanci kuwa biyu ce: He came da He has come. Ga ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. Duk sa'ad da aka ambaci lokacin da abin ya auku, kamar jiya ko bara, to, came ake sawa: He came yesterday. In ba a ambaci lokaci ba, kuma abin da ake nufi shi ne ga shi nan yanzu, sai a ce He has come. Wanda ya rubuta He has come yesterday ya yi kuskure.

4. “Ina da” da 'yan'uwansa. Domin “ina rubutu” shi ne I am writing, sai mai koyo ya ɗauka duk inda aka ce “ina” haka za a bi. Ba haka ba ne. “Ina da gona” I have a farm ne, “ina son ruwa” kuma I want water ne. Haka nan “na sani” da “na gane”, ko da yake sun yi kama da abin da ya wuce, Turancinsu I know da I understand.

5. Amsa tambaya mai korewa. Nan ne haɗari ya fi yawa. In aka tambayi Bahaushe, “Ba ka karɓi kuɗin ba?” yakan ce, “I, ban karɓa ba.” A Turanci in aka ce Didn't you receive the money? wanda bai karɓa ba No, I didn't zai ce. In ya ce Yes, ya amsa cewa kuɗin suna hannunsa ke nan. A tuna da wannan a gaban mai binciken kuɗi ko a gaban alƙali.

6. Sunayen da ba su da jam'i. Muna cewa shawarwari, da labarai, da kayayyaki. Amma advice, information, equipment, furniture da luggage ba a ƙara musu harafin s, ba a kuma sa musu a ko an. In ana nufin guda ɗaya sai a ce a piece of advice.

KASHI NA BIYU: KALMOMI

Kalmar Hausa guda takan ɗauki aikin kalmomin Turanci uku ko huɗu. A duba “ji”. Jin magana hear ne, jin zafi feel, jin wari smell, jin harshe kuwa understand ne. A duba “sha”. Ruwa drink ake yi masa, taba smoke, magani kuwa take. A duba “takarda”. Farar da ba a yi rubutu a kai ba paper ce, wasiƙa letter, ta shaidar ilimi certificate, ta shaidar biyan kuɗi receipt.

“Ci” ma haka. Zama jarrabawa shi ne sit ko take, cin ta kuwa pass. Kowa ya shiga ɗakin jarrabawa ya yi na farko, amma sai mai ƙoƙari ke yin na biyu.

Wani wuri kuma Hausa ce ta fi rarrabewa. Mu mun bambanta aro da rance: aro abin da kansa ake mayarwa, rance kuwa madadinsa. Turanci bai kula da wannan ba. Abin da ya kula da shi shi ne wa ya bayar, wa ya karɓa. Mai karɓa borrow ya yi, mai bayarwa lend. “Ara mini alƙalaminka” shi ne Lend me your pen.

Ga kuma ƙananan kalmomi da takardun hukuma ke ratayuwa a kansu:

must ko shall: tilas ne, ba zaɓi.
may: an yarda, amma ba tilas.
within seven days: kafin kwana bakwai su cika.
not later than: ranar da aka ambata ita ce ta ƙarshe.
with effect from: daga ranar nan abin zai fara aiki.
unless: sai fa in.

Game da furuci, WAEC tana da takarda ta musamman a kan sautukan Turanci. Hausa ba ta raba p da f ba, ba ta kuma da v. Sai a riƙa maimaita waɗannan da ƙarfi har kunne ya saba: file da pile, full da pull, van da ban. Kuma Bahaushe ba ya son baƙaƙe su yi cunkoso, shi ya sa bread ya zama burodi, driver ya zama direba. A wajen karanta Turanci sai a bar wasulan nan da muka ƙara.

KASHI NA UKU: AUNA FAHIMTA

A karanta wannan sanarwa sau biyu. An ƙirƙire ta ne domin gwaji kawai. Karatun farko domin a san inda maganar ta dosa, na biyu kuwa bayan an duba tambayoyi.

All Village Heads are to submit the names of farmers whose farms were damaged by the flood not later than 15th September. A farmer whose name is not on the list will not receive seed unless the District Head certifies in writing that he was away from the village. Ward Heads may attend the meeting on Monday, but every Village Head must attend.

Tambayoyi:

1. Can a Village Head submit his list on 15th September?
2. On what condition will a farmer who is not on the list receive seed?
3. Who is free to stay away from the meeting?
4. Give another word that can replace damaged as it is used in the passage.
5. What grammatical name is given to the expression whose farms were damaged by the flood, and what is its function?

Irin tambaya ta huɗu da ta biyar suna yawan fitowa a jarrabawa. A ta huɗu, lalle kalmar da aka kawo ta zauna daidai a gurbin ta farko ba tare da an taɓa sauran jimlar ba. Tun da damaged aka ce, wanda ya rubuta spoil bai samu ba, sai spoilt. A ta biyar abu biyu ake nema, sunan gangar da aikinta, kada a ba da ɗaya a bar ɗaya.

KASHI NA HUƊU: AIKIN YI

A gyara waɗannan jimloli:

1. The District Head has travelled to Kano last week.
2. I am having three children.
3. Please borrow me your bicycle.
4. He gave me many advices.
5. The lorry is old but she is strong.
6. My father is farmer.

Bayan haka a rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma wasiƙa da Turanci, ana roƙon a gyara rijiyar wani ƙauye. A tuna, wasiƙar aiki ta Turanci ba ta da doguwar gaisuwa. Mu mun saba fara wasiƙa da “bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri”, wannan kuwa ladabi ne mai kyau a Hausa. A Turanci sai a sa adireshin mai rubutu da kwanan wata, da adireshin wanda ake rubuta wa, sa'an nan Dear Sir, da kan magana, a shiga zance kai tsaye, a rufe da Yours faithfully, a sa hannu, a rubuta cikakken suna.

AMSOSHI

Kada a duba nan sai an gama aikin.

Auna fahimta:

1. Yes, he can. Ranar 15 ga wata tana ciki, ranar 16 ce ta makara.
2. If the District Head certifies in writing that he was away from the village. A lura da in writing. Shaidar baka ba ta wadatar ba.
3. The Ward Heads. Masu unguwa may aka ce musu, dagatai kuwa must.
4. Spoilt ko ruined.
5. Adjectival clause. It qualifies the noun farmers.

Gyaran jimloli:

1. The District Head travelled to Kano last week.
2. I have three children.
3. Please lend me your bicycle.
4. He gave me a lot of advice.
5. The lorry is old but it is strong.
6. My father is a farmer.

JAN HANKALI

A sake duban sanarwar ambaliyar nan. Da malamin hakimi ya tsallake kalmar unless, da manomin da ya tafi cin rani ya rasa iri, alhali hukuma ta bar masa ƙofa. Da ya ɗauki must a matsayin may, da dagatai sun zauna a gida ranar taro, laifi ya faɗa a kan hakimi. Irin karatun natsuwa da ke ba da maki a jarrabawa shi ne dai wanda ke tsare haƙƙin talakawa a ofis.

Saboda haka ana shawartar kowane mai koyo ya keɓe rabin sa'a kullum. Ya karanta shafi guda na jarida ko na littafin Turanci, ya fitar da kalmomi biyar da bai sani ba, ya duba su a ƙamus, ya rubuta kowace a cikin jimla tasa ta kansa. Ƙamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner, wanda ya fito a 1965, zai taimaka ƙwarai wajen wannan. Kalma biyar kullum, a shekara sun haura 1,800. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

Ana kuma roƙon hakimai, ransu ya daɗe, su ƙarfafa wa malamansu gwiwa. In takarda mai nauyi ta zo, a sa malami ya karanta ta a fili, ya fassara jimla bayan jimla, a tsaya a kan kwanan wata da sharuɗɗa. Inda aka yi shakka a tambayi malamin Turanci na makarantar da ke kusa tun ba a rubuta amsa ba, domin matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba da sa'a, amin.