Shawarwari 10 Don Raba Ragar Taga da Funfuna

Daga watan Yuni zuwa Satumba ƙasar Jibiya tana shan ruwa, a Agusta kuwa idan marka ta kafu sai a wuni ba a ga rana sosai ba. A wannan tsakanin ne ragar da aka buga a taga don tare sauro take fara yin ɗigon baƙi-baƙi, wani wurin kore-kore, ɗaki ya ɗauki warin danshi. Funfuna ke nan. Tana nan a gidajen cikin gari, tana nan a shagunan kwantena da ɗakunan kwano na Magama, inda direbobi da 'yan kasuwa masu ƙetarawa Ɗan Isa da Maraɗi suke yada zango.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake yi da ita. Raga ta toshe, iska ta daina shiga, zafi ya ishi mutane, sai a yage ragar ko a ɓamɓare ta baki ɗaya. Daidai lokacin ne kuma sauro ya fi yawa, balle a garin da ke maƙwabtaka da madatsar ruwa da kududdufai. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kimanin kashi 1 cikin 4 na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Ragar da ta yi funfuna wanki kawai take nema, kuma kayan wankin suna nan a kusan kowane gida.

1. A san abin da funfunar ke ci

Funfuna ba ta cin waya, ba ta cin roba. Abincinta shi ne dattin da ya maƙale a idon raga: ƙurar hunturu da ta taru tun Nuwamba, ƙurar manyan motoci ga masu zama bakin titi, maiƙon hayaƙin girki, yanar gizo-gizo da matattun ƙwari. Da feshin ruwan sama ya jiƙa wannan datti, ya kwana ɗaya ko biyu bai bushe ba, shi ke nan ta samu wurin zama. Saboda haka duk maganin da aka fesa a kan datti ba tare da an wanke dattin ba, aikin banza ne. Bayan 'yan makonni za ta dawo.

2. A bambanta ta da tsatsa da kunkunniya

Tsatsa ja ce, tana da kaushi, a ragar ƙarfe kaɗai take fitowa. Kunkunniyar hayaƙi baƙa ce mai maiƙo, an fi samunta a tagar ɗakin girki. Funfuna kuwa ɗigo-ɗigo take yi, wani lokaci da gashi-gashi, tana wari, kuma ta fi son kusurwoyin ƙasa inda ruwa ke kwanciya. Idan ana shakka, a ɗiga bilic da aka sirka da ruwa a wuri ɗaya. In tabon ya koɗe cikin minti 1 ko 2, funfuna ce. Ragar da tsatsa ta cinye har tana karyewa idan an danna, wanki ba zai cece ta ba, a sauya ta.

3. A zaɓi ranar da rana ta buɗe, a fara da hantsi

Ana so a wanke, a shanya, a mayar da raga wurinta kafin magariba, lokacin da sauro ke neman hanyar shiga ɗaki. Mai aikin ya sa takunkumi da safar hannu ta roba. In babu safa, ya ɗaura leda. Ƙurar funfuna tana tayar da atishawa, tari da ƙaiƙayin ido, ga mai asma kuwa tana iya tayar masa da ciwon. Don haka yara ƙanana, tsofaffi da duk mai ciwon ƙirji su bar wurin har a gama. A kwashe katifa, tabarma, kayan sawa da abinci daga ƙarƙashin tagar.

4. A jiƙa kafin a goge

Mutane da yawa tsintsiya suke ɗauka su kakkaɓe ragar a bushe. Yin haka yana watsa irin funfunar cikin ɗaki, ya sauka kan labule da shimfiɗa. Idan ragar tana cikin firam mai cirewa, a fitar da ita tsakar gida, a kwantar da ita kan siminti ko buhu don kada ta lanƙwashe. Idan an buga ta da ƙusa ne, a shimfiɗa tsumma a ƙasan tagar, a yi aikin daga cikin ɗaki ana tura dattin waje. Ko ta wane hali, a fara yayyafa mata ruwa tukuna.

5. Wanki na farko: ruwa mai ɗumi da omo

A zuba omo kamar cokali 2 a rabin bokiti na ruwa mai ɗumi. A yi amfani da soso mai laushi ko buroshin da ba na ƙarfe ba, a goge daga sama zuwa ƙasa, ciki da waje. Idan ragar tana jikin taga, mutum biyu sun fi: ɗaya ya tallafe ta da tsumma daga waje, ɗaya ya goge daga ciki, don kada ta saki. Tsohon buroshin haƙori shi ne maganin lunguna. A ɗauraye da ruwa mai tsabta. Sau da yawa wannan wankin kaɗai yana fitar da mafi yawan funfunar, kuma bokiti biyu sun isa taga guda.

6. Wanki na biyu: a duba irin ragar

Nan ne ake yawan yin ɓarna, domin ragar kasuwa ba iri ɗaya ba ce. Ragar roba tana jure bilic, irin su Hypo da Jik, ko Javel da ake samu a Maraɗi. A sirka kofi 1 na bilic da kofi 10 na ruwa mai sanyi, a shafa, a bar shi minti 10, sannan a ɗauraye sosai. Ragar alminiyam da ta ƙarfe kuwa bilic yana cin su, ya bar tabo, ya gaggauta tsatsa. Su ruwan khal fari ya fi dacewa da su: a sirka shi rabi da rabi da ruwa, a shafa, a bar shi kamar minti 30, a goge, a ɗauraye, a tsane da busasshen tsumma. Kanwa da ruwan toka suna yanke maiƙo, amma su ma suna dusashe alminiyam, don haka a ajiye su don ragar roba.

7. Kada a haɗa magunguna

Wannan ita ce shawarar da na fi so kowa ya riƙe. Bilic idan ya haɗu da khal, ko ruwan lemon tsami, ko maganin wanke masai mai asid, yana fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da maƙogwaro, ta shaƙe numfashi. A ƙaramin ɗaki ko cikin kwantena abin yana iya kai mutum asibiti. A zaɓi guda ɗaya, a tsaya a kansa. Ruwan da ya rage a zubar da shi nesa da rijiya, shuka da wurin shan dabbobi, kuma kada a ajiye bilic a gorar lemo inda yaro zai ɗauka abin sha ne.

8. Firam shi ne maɓoyarta

Ana iya wanke raga ta yi fes, funfunar ta sake tasowa daga jikin katako, domin shi katako abincinta ne da kansa. A goge firam da dakalin taga da ruwan omo, a bar su su sha rana. Inda baƙin ya shiga jikin katakon, a goge da sanfefa bayan ya bushe, a shafa fenti. Kada a yi fenti a kan danshi, zai kumbura ya ɓare. Katakon da ya ruɓe har farce yana shiga, a kira kafinta. Firam ɗin alminiyam yana da kwarmi a ƙasa da ƙananan kafofi na fitar ruwa; a zare ƙasar da ta toshe su da tsinke. Kafin a mayar da ragar, a ɗaga ta saitin rana a duba huda: ƙarama a ɗinke da zare mai ƙarfi, babba a yi mata faci da guntun raga.

9. Kwantena, ɗakin kwano da mota

Ƙarfe yana gumi. Da dare ya yi sanyi, tururin numfashi da na girki sai ya koma ruwa a jikin bango da rufi, ya gangaro kan taga. Shi ya sa shagon kwantena ko kan motar da direba ke kwana a ciki yana jiran layi a kan iyaka yake saurin yin funfuna. A bar kafar iska biyu masu fuskantar juna, kowace da ragarta. Da safe a goge gumin da tsumma, a buɗe ƙofa. Kada a shanya jiƙaƙƙun kaya a ciki. Gidan sauro na kwana kuma hukuncinsa dabam ne: in mai magani ne, kada bilic ya taɓa shi. A wanke shi a hankali da sabulu da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, domin rana da bilic suna kashe ƙarfin maganin.

10. A toshe hanyar ruwa, a tsayar da lokacin wanki

Tun ran gini, tun ran zane. A duba indararo da bakin kwanon rufi, kada su riƙa zubo ruwa kan taga. Dakalin taga ya karkata waje. Labule kada ya manne da raga, kuma a riƙa wanke shi. Mutanen Jibiya da suka ga ambaliyar watan Yulin 2018 sun san abin da ruwa ke bari a jikin gini bayan ya janye. Duk ɗakin da ruwa ya shiga, a buɗe shi, a fitar da kaya, a busar da shi cikin kwana biyu.

Sai a tsayar da babban wanki sau biyu a shekara: a Afrilu ko Mayu don cire ƙurar hunturu kafin ruwan farko, da Oktoba bayan ruwa ya ɗauke. A tsakiyar damina kuma, uwargida ko maigida ya bi ragar da jiƙaƙƙen tsumma sau ɗaya a mako. Ragar da iska ke ratsawa babu mai tunanin yage ta, kuma muddin tana jikin taga, yara suna kwana da kariya daga sauro.